Kafin a Kunna Akwatin Gem a Gida, a Fara Sanin Wayoyinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana kan wani aiki da ya fara yawaita a teburina. Ni mai gyaran talabijin da rediyo ne, kuma na koyi sana'ar tun zamanin da talabijin mai doro ce kaɗai ake gani a ɗakunan mutane. A 'yan shekarun nan samari sun soma kawo mini akwatunan gem irin na tsaye, waɗanda suke haɗawa da kansu a gida, masu sanda da madannai a gaba, domin buga wasannin faɗa irin su Street Fighter da Tekken da King of Fighters da Mortal Kombat. Ban ga laifin wannan sha'awa ba, domin wanda ya haɗa akwati ɗaya da hannunsa ya koyi aikin lantarki fiye da wanda ya yi wata uku yana kallon maigidansa a shago. Abin da ke damuna shi ne yadda kuɗi da kulawa suke ƙarewa a kan katako da fenti da hotunan da ake mannawa a gefe, amma da zarar na buɗe ƙofar baya sai in tarar da wayoyi an murɗe su da hannu, an naɗe da salatif, babu fiyus, babu wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta zube zuwa cikin ƙasa, kuma mai akwatin bai san wace waya ce ke ɗauke da wace wuta ba.

Aikin kafinta ba zan tsaya a kansa ba, domin kafintocinmu sun iya, kuma duk wanda aka ba shi awo daidai zai fitar da akwati mai kyau. Abin da kawai zan ce shi ne a sa katako mai kauri a wajen da sanda za ta zauna, a kuma bar ƙofa a baya da kafofin shan iska.

Wanda yake son amfani da ainihin allon lantarkin wasan, wato abin da mu masu gyara muke kira fanel, dole ne ya san tsarin da ake kira JAMMA. Sunan ƙungiyar masu ƙera injinan wasa ta ƙasar Japan ne, wadda ta fito da tsarin a tsakiyar shekarun 1980 domin mai gidan gem ya iya cire wasa ɗaya ya sa wani ba tare da ya sake jan wayoyin akwatin gaba ɗaya ba. Kafin lokacin kowane kamfani da nasa tsarin. Mahaɗin JAMMA yana da haƙora 56, wato 28 a kowace fuska, kuma ta cikinsu ne wuta da hoto da sauti da sanduna da madannan 'yan wasa biyu suke wucewa. Haƙori na 1 da na 2 na baƙar waya ne, wadda komai ke tarayya a kanta. Na 3 da na 4 suna ɗauke da bolt 5. Na 5 yana ɗauke da bolt 5 na juye, wato -5. Na 6 kuma bolt 12. Gurbi na 7 babu haƙori a cikinsa, an yanke shi ne a jikin fanel domin a sa ɗan toshi a cikin mahaɗin, yadda ba zai yiwu a soka shi a juye ba.

Wannan ɗan toshi shi ne abu na farko da nake dubawa, kuma sau da yawa ba na samunsa, musamman a wayoyi masu araha da ake sayowa ta intanet. Akwai wani yaro, ɗalibi ne, da ya kawo mini fanel ɗin da ya daɗe yana tara kuɗinsa, ya ce hayaƙi kawai ya gani da ya kunna. Da na ɗora mahaɗin nasa a kan fanel ɗin sai na ga yana shiga ta kowace fuska ba tare da wata tirjiya ba. Ya soka shi ne a kife, wutar da ya kamata ta bi hanyarta ta faɗa inda ba a yi don ita ba, kuma cikin daƙiƙa guda abin da ya lalace ya fi ƙarfin dalma. Da ya ɗauki alƙalami ya rubuta "sama" a fuska ɗaya ta mahaɗin, ko ya cusa ɗan guntun roba a gurbi na 7, da yanzu yana gida yana wasansa. Ban faɗa masa haka a ranar ba, domin idanunsa sun riga sun kawo ruwa.

Inda wasannin faɗa suka bambanta da sauran shi ne yawan madannai. Tsarin JAMMA madanni uku kawai ya tanadar wa kowane ɗan wasa, a haƙora na 22 da 23 da 24, domin wasannin wancan lokaci ba su buƙatar fiye da harbi da tsalle. Da kamfanin Capcom ya fitar da Street Fighter II a 1991, mai madanni shida, uku na naushi a sama da uku na shuri a ƙasa, sai ya zama naushin ne kawai yake bi ta JAMMA, shurin kuma aka yi masa wata 'yar wayar daban da ake sokawa kai tsaye a jikin fanel. Wannan waya ba iri ɗaya ba ce a kowane wasa. Fanel ɗin CPS-1, wanda Street Fighter II na farko yake kai, yana karɓar mai haƙora 10, shi kuwa CPS-2, wanda ya fito a 1993 da Super Street Fighter II, mai haƙora 34 yake karɓa. Na sha ganin wanda ya zo yana cewa an sayar masa da mataccen fanel domin mutumin da yake sarrafawa a cikin wasan yana naushi amma ba ya shuri, alhali fanel ɗin lafiyarsa ƙalau, wayar shurin ce babu. Mortal Kombat na kamfanin Midway, wanda ya fito a 1992, madanni biyar gare shi, shi ma ƙarin nasa ta waya ta daban suke bi, kuma ba ta dace da ta Capcom ba. Na'urar Neo Geo ta kamfanin SNK, wadda King of Fighters da Samurai Shodown suke kai, madanni huɗu take da su, na huɗun an ɗora shi a haƙori na 25. Sai dai mai irin wadda ke ɗaukar kaset biyu ko huɗu ko shida ya lura, domin tsarin wayoyin sautinta ya saɓa wa na JAMMA, an yi shi ne don lasifika biyu, kuma haɗa ta da akwati mai lasifika ɗaya ba tare da gyara ba yana iya ƙona ɓangaren sauti.

Tun da na taɓo sauti, bari in ƙara da cewa sautin da ke fitowa ta JAMMA ya riga ya sami ƙarfinsa, kai tsaye yake zuwa lasifika. Ba a kai shi cikin amfilifaya haka nan, kuma ba a haɗa ɗaya daga wayoyin lasifikar da baƙar waya, domin a wasu fanel ɗin dukkan wayoyin biyu suna ɗauke da wuta.

Yanzu ga maganar wuta, wadda ita ce ainihin dalilin wannan wasiƙa. Wutar da ke shigowa gidajenmu a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, a Nijar ma kusan haka ne, amma akwatunan Japan, irin su Astro City na kamfanin Sega da ya fito a 1993 da Blast City da ya biyo bayansa, an ƙera su ne don bolt 100, na Amurka kuma don bolt 120. Duk wanda ya sami ɗaya daga cikinsu, ko ya sami wani ɓangare nasu, kada ya soka shi a soket sai ya sa taransifomar da ke rage wuta, kuma wadda ƙarfinta ya ɗara abin da akwatin yake ja. Ita kanta na'urar da ke raba wuta a cikin akwati, wadda ke fitar da bolt 5 da bolt 12, da yawa daga cikinsu suna da ɗan makunni a gefe na zaɓi tsakanin 110 da 220, kuma ana iya aiko da ita yana kan 110. Dubawar ba ta ɗaukar minti ɗaya.

A jikin wannan na'ura akwai wani ɗan abin murɗawa na daidaita bolt 5. Kuskuren da ake yi shi ne a auna wutar a bakin na'urar a ga mita ta nuna 5, sai a ce shi ke nan. Wurin awo shi ne a haƙoran fanel ɗin kansa, yana kunne, domin wuta tana raguwa a hanya gwargwadon tsawon waya da sirantarta, kuma manyan fanel suna jan wuta da yawa. Idan ta gaza sai wasa ya riƙa tsayawa ko ya riƙa komawa farko a tsakiyar faɗa. Idan kuma aka murɗa ta wuce kima sai kayan cikin su fara zafi su mutu a hankali. Ni ina tsayar da ita tsakanin 5 da 5.1, kuma duk lokacin da aka canja fanel sai na rage ta tukuna sannan in sake aunawa, saboda abin da ya dace da babban fanel yana iya yi wa ƙarami yawa. Wayoyin wuta su zama masu kauri, kuma a ja dukkan haƙoran bolt 5 da dukkan na baƙar waya, kada a ja ɗaya a bar saura. Idan ka ga haƙoran wani tsohon fanel sun yi baƙi-baƙi a wajen 3 da 4, to wani ne ya taɓa ɗora musu dukkan nauyin a kan siririyar waya guda.

Sannan akwai halin da wutarmu take ciki, wanda masu ƙera waɗannan na'urori ba su yi lissafinsa ba. Wuta tana zuwa da rauni, tana zuwa da ƙarfi, ana ɗauke ta a mayar cikin minti guda, ga kuma janareta da ke hawa da sauka duk lokacin da aka kunna firji ko dutsen guga. Shawarata ita ce akwatin ya kasance a bayan sitabilaiza, a sa masa fiyus daidai da abin da yake ja a inda wuta take shigowa, a kuma saba da kashe shi kafin a juya daga wutar gari zuwa janareta. Fiyus ɗin da ya ƙone kada a ɗaure shi da zaren waya kamar yadda wasu suka saba, domin ƙonewarsa labari yake bayarwa. Haka kuma duk wani ƙarfe da hannu ke taɓawa, farantin da sanda take zaune a kai da ƙofar kuɗi da jikin na'urar raba wuta, a haɗa su da wayar ƙasa, a kuma tabbata soket ɗin ɗakin yana da ita da gaske. Gidaje da yawa rami uku ne a soket amma waya biyu ce a bayansa. Ɗan wasa yana tsaye ne ba takalmi a kan siminti, tafin hannunsa da gumi, wani lokaci kuma ƙaninsa ɗan shekara biyar ne yake jingine da akwatin.

Haɗa sanda da madannai aiki ne mai sauƙi idan an gane yadda yake. Kowane madanni ƙaramin makunni ne kawai, wanda idan an danna shi yake haɗa wayarsa da baƙar waya. Saboda haka waya ɗaya ce ke tashi daga kowane madanni zuwa haƙorinsa, baƙar kuma guda ɗaya ce take bi ta kansu duka kamar tasbaha. Wannan yana taimakawa wajen gano matsala: idan madanni ɗaya ya ƙi aiki, wayarsa ce ko shi kansa, idan kuwa uku ko huɗu a jere suka mutu tare, baƙar ce ta tsinke a daidai inda mutuwar ta fara. Madannan Amurka ƙafa uku gare su, an rubuta COM da NO da NC. Baƙar waya tana zuwa COM, ɗayar kuma NO. Wanda ya kai ta NC zai ga ɗan wasansa yana abu shi kaɗai kamar an danne madannin, sai an danna sannan ya saki. Madannan Japan, irin na kamfanin Sanwa da Seimitsu, ƙafa biyu ne kawai, kuma babu ruwansu da wace waya ta hau wace ƙafa.

Kafin a huda katako a yanke shawarar irin kayan da za a sa, domin ramukan ba ɗaya ba ne. Madannin Sanwa na wasa yana son rami mai faɗin milimita 30, ƙaramin na fara wasa milimita 24, na Amurka kuwa kimanin milimita 28. Bakin ƙafafun ma ya bambanta, na Japan milimita 2.8, na Amurka yawanci 4.8, don haka 'yan kawunan da ake matsewa a bakin waya su dace da su. Na fi son a yi amfani da waɗannan kawuna a kan a like da dalma, saboda madannin da ake duka dare da rana wata rana sai an canja shi, kuma zafin ƙarfen like yana narka robar jikinsa. Ita sandar Sanwa da aka fi sani, JLF, tana zuwa da mahaɗi mai haƙora 5, huɗu na sama da ƙasa da hagu da dama, ɗaya na baƙar waya. Abin da ke rikita sababbin shiga shi ne idan ka tura sanda sama, gindinta ƙasa yake yi, wato makunnin da ke ƙasa ne yake dannuwa. Kada a dogara da launin waya. A ɗauki mita a tura sandar kowace fuska a ga wace waya ta amsa, a rubuta, sannan a shiga shafin gwaji na fanel ɗin a tabbatar kafin a rufe.

Sai gilashin kallo. Waɗannan tsofaffin fanel suna fitar da hoto ne a wayoyi dabam-dabam, ja da kore da shuɗi da kuma ta daidaita layi, a saurin kilohaz 15 da ɗoriya, irin na tsohuwar talabijin. Yawancin allunan kwamfuta na zamani ba sa karɓar wannan sai da na'urar juyawa, kuma masu arahar cikinsu suna jinkirta hoto. Wasan faɗa yana nuna hoto kusan 60 a daƙiƙa, kuma akwai bugun da ba ya shiga sai an dace da hoto ɗaya ko biyu daga cikinsu. Masu bin wannan harka sun san abin da Daigo Umehara na Japan ya yi a gasar Evo ta 2004 a Amurka, inda ya kare bugu 15 a jere daga Justin Wong a Street Fighter III: 3rd Strike alhali saura ƙiris ya faɗi, sannan ya ci wasan. Irin wannan ba zai yiwu ba a gilashin da ke nuna maka abin da ya riga ya wuce. Talabijin mai doro ba ta da wannan jinkiri, kuma abin takaici ita ce yau ake farfasawa ana sayar da tagullar cikinta ga 'yan gwangwan. Waɗanda aka shigo da su daga Turai, masu faffaɗan mahaɗin nan mai haƙora 21 da ake kira SCART, da yawansu suna karɓar ja da kore da shuɗi kai tsaye. Sai dai hoton JAMMA ya fi ƙarfin abin da talabijin take so, dole a rage shi da 'yan rezisto, wato ƙananan kayan da ke rage ƙarfin wuta, a kowace waya.

A nan ne kuma haɗari mafi girma yake. A bayan kwalbar talabijin mai launi akwai wata jar waya mai kauri da ke ƙarewa da faifan roba, wadda ke ɗaukar wutar da ta kai kimanin bolt 25,000 a manyan talabijin, kuma kwalbar tana iya riƙe wuta bayan an cire fulogi. Babbar kafasita, wato ma'ajiyar wuta, da ke kusa da mashigar wuta ita ma tana riƙe fiye da bolt 300 na ɗan lokaci. Wuyan kwalbar siriri ne, cikinta babu iska, kuma idan ta fashe gilashi take watsawa. Da yawa daga tsofaffin gilasan akwatunan gem, musamman na Amurka, ba a haɗa su da wutar gida kai tsaye sai ta taransifomar da ke raba su da ita, in ba haka ba ƙarfen jikinsu zai ɗauki wuta. Na yi shekaru ina wannan aiki, amma har yau idan zan sa hannu a bayan kwalba sai na cire agogo, na sa hannu ɗaya a aljihu, na sauke wutar da ke cikinta tukuna. Ina roƙon samari su yi dukkan sauran aikin da kansu, amma cire talabijin daga gidanta da ɗaure ta a cikin akwati su kai wa wanda ya saba, su tsaya a kansa su gani.

Na san ba kowa ne zai sami ainihin fanel ba, kuma da yawa tsohuwar kwamfuta ko ƙaramar na'urar Raspberry Pi suke sawa, su haɗa sanda da madannai ta wani ɗan allo mai wayar USB. Wannan ya sauƙaƙa maganar wayar shuri da ta bolt 5 na juye, amma bai ɗauke maganar fiyus da wayar ƙasa ba, kuma yadda ake jan baƙar waya bai canja ba. Wanda kuma ya yi sa'ar samun CPS-2 ya sani cewa akwai batir a cikinsa da ke riƙe da mabuɗin sirrin wasan, idan ya mutu wasan ba zai tashi ba sai an sake rubuta masa mabuɗin, idan kuma ya tsiyaye yana cin jikin fanel. A duba shi tun ranar da aka saya.

Ƙurar hunturu da zafin bazara su ma suna da nasu rabon. Akwatin da aka rufe ruf a ɗakin da rana ke duka yana dafa kayan cikinsa, don haka a sa ƙaramar fanka a sama tana fitar da iska, a rufe kafofin ƙasa da raga saboda ƙura da ɓeraye, a kuma ɗaga fanel daga jikin katako da 'yan ƙafafun roba. Wayoyin wutar gida su bi gefe ɗaya, na sanda da na hoto su bi ɗaya gefen, a ɗaure su, a manna wa kowace takarda mai sunanta, a kuma zana taswirar haɗin a liƙa a cikin ƙofar baya domin wanda zai gyara gaba.

Ina roƙon Edita, idan da hali, ya sa a riƙa ware ɗan fili a shafin kimiyya da fasaha inda masu gyara za su riƙa amsa tambayoyin matasa kan irin wannan aiki da Hausa, tare da zanen mahaɗin JAMMA da lambobin haƙoransa, domin yawancin bayanan da ake samu da Turanci ko Japananci suke, kuma an rubuta su ne don ƙasashen da wutarsu ba irin tamu ba ce. Idan aka buɗe filin, ni a shirye nake in aiko da zanen farko.

Na gode.

Naku,
Mai gyaran talabijin da rediyo,
daga Kano.